Duwatsun Murhu Uku: Labari, Ra'ayi da Talla a Jaridun Amurka Zamanin Mulkin Ingila

Gabatarwa

Ranar 2 ga watan Oktoba na shekarar 1750, jaridar Boston Gazette ta fito da wata 'yar cigiya can cikin tallace-tallace. Wani Bature mai suna William Brown, mazaunin garin Framingham, shi ya biya aka buga ta, yana neman bawansa da ya gudu. Ya ce sunan bawan Crispas, shekarunsa kamar 27, dogo ne mai tsawon ƙafa 6 da inci 2, gashinsa gajere a murɗe, kuma yana da ɗan gwame. Ya yi alkawarin tukwicin fam 10 ga duk wanda ya kamo shi, ya kuma ja kunnen masu jiragen ruwa kada wanda ya kuskura ya ɗauke shi.

Bayan shekara 20, wato ranar 12 ga Maris 1770, wannan jarida dai, ko da yake ta sauya hannu, ta fito da zanen akwatunan gawa guda 4, kowane da haruffan farko na sunan mamaci. Ɗaya daga ciki an rubuta masa C.A., wato Crispus Attucks, wani ma'aikacin jirgin ruwa da ke cikin mutanen da sojan Ingila suka harbe a kan titi a Boston ranar 5 ga watan. Mafi yawan masana tarihi sun tafi a kan cewa shi ne bawan nan da aka yi cigiyarsa. Mutum ɗaya ke nan a jarida ɗaya: ya fara shigarta a matsayin dukiyar da ta ɓace, ya koma shigarta a matsayin labari, sannan masu rubuta ra'ayi suka mai da jininsa hujjar neman 'yanci daga Ingila.

A wannan maƙala za mu waiwayi jaridun da aka buga a yankuna 13 da Ingila ta mallaka a gaɓar Amurka, daga 1690 zuwa 1776. Za mu ɗauke su kamar murhu mai duwatsu uku: labari, ra'ayi da talla. Tukunyar da ke bisa kuwa ita ce abincin mai ɗab'i. Abin da muke so 'yan uwa marubuta su lura da shi shi ne, duk abin da aka iya faɗa a waɗannan jaridu, da abin da aka yi shiru a kansa, yana da alaƙa da wanda ke sa wa wannan tukunya tsaba.

Yadda Aka Faro

Tun wajen 1639 aka fara ɗab'i a garin Cambridge da ke Masacusets, amma sai da aka yi shekara 50 ana buga littattafan coci da dokoki da kalandu ba tare da jarida ko ɗaya ba. Mahukunta ba su son ta. A 1671 Gwamnan Bajiniya, William Berkeley, har godiya ya yi a rubuce don babu makarantun kyauta kuma babu maɗaba'a a yankinsa, domin a ganinsa su ke kawo rashin biyayya.

Wanda ya fara gwadawa shi ne Benjamin Harris, wani mai sayar da littattafai da ya baro Landan bayan ya sha ɗauri saboda abin da ya buga a can. Ranar 25 ga Satumba 1690 ya fito da Publick Occurrences a Boston, mai shafi 4, uku a rubuce, na huɗu fari fat. Niyyarsa ita ce ta riƙa fitowa wata wata. To amma ya taɓo abu biyu masu zafi: ya soki yadda mayaƙan ƙabilar Mohawk, abokan yaƙin Ingila, suka wulaƙanta fursunonin Faransa, ya kuma kawo jita-jitar lalata a gidan Sarkin Faransa. Kwana 4 kacal Gwamna da majalisarsa suka haramta ta, suka ce ba da izini aka buga ba. Fitowarta ta farko ita ce ta ƙarshe, kuma kwafi ɗaya tak aka san ya tsira, yana ajiye a Landan.

Shekara 14 babu wanda ya sake ɗaga kai. Sai ranar 24 ga Afrilu 1704 shugaban gidan wayar Boston, John Campbell, ya fito da Boston News-Letter. Shi ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta, don haka ya shafa wa nasa ruwa: a goshin jaridar ya rubuta cewa da izinin hukuma ake buga ta. Falle ɗaya ce, gaba da baya, mako mako. Mu da muka san cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ma a inuwar gwamnatin Ingila ta tashi, ba za mu yi mamakin wannan mafari ba. Daga nan abin ya yaɗu: Boston Gazette da American Weekly Mercury ta Filadelfiya a Disamba 1719, New-York Gazette a 1725, Maryland Gazette a 1727, South-Carolina Gazette a 1732, Virginia Gazette a 1736. Zuwa 1775 jaridun sun kusa 40.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda aikin yake, domin ya fahimci sauran bayanin. Babu 'yan rahoto, babu ofishin edita. Mai ɗab'i shi ne edita, shi ne mai shago, sau da yawa kuma shi ne shugaban gidan waya. Baƙaƙen dalma, waɗanda daga Ingila ake sayo su, ɗaya bayan ɗaya ake tsinto su a jera a juye. Injin na katako ne, mutum biyu ke kansa, ɗaya na shafa tawada, ɗaya na jan mariƙi, su buga kamar falle 200 a awa, gefe ɗaya. Takarda kuwa da tsummoki ake yin ta, shi ya sa masu ɗab'i suka riƙa roƙon matan gida a jaridunsu da su tara musu tsofaffin tufafi. Yawancin jaridu 'yan ɗaruruwa ake bugawa. Campbell da bakinsa ya yi kukan cewa bai iya sayar da 300.

Dutse na Farko: Labari

Wanda ya buɗe jaridar wancan zamani yana neman labarin garin da aka buga ta, zai sha mamaki. Shafin farko cike yake da jawabin Sarki, da muhawarar majalisar Landan, da yaƙe-yaƙen Turai, duk an kwafo su daga jaridun Ingila da jirage suka kawo. Jirgi kuwa yakan yi mako 6 zuwa 8 a teku, in hunturu ya shigo abin ya fi haka. Alal misali, Sarki George na II ya mutu ranar 25 ga Oktoba 1760, amma mutanen Boston ba su ji ba sai ƙarshen Disamba. Wata biyu suna yi wa mamaci addu'ar tsawon rai.

Campbell ya ɗauki jaridarsa kamar kundin tarihi, bai yarda ya tsallake kome ba, sai ya bi labarai daki daki bisa tsarin aukuwarsu. Ga fili kaɗan, ga labari da yawa, har ta kai shi ga zama wata 13 a baya. Dole ya riƙa ƙara falle don ya cimma zamani.

Me ya sa labarin gida ya yi ƙaranci haka? Dalili biyu ne. Na farko, garuruwan ƙanana ne. Boston kanta mutanenta ba su wuce kamar 11,000 ba a 1721, kuma abin da ya faru da safe kafin azahar an gama jin sa a bakin tasha da gidajen shaye-shaye da ƙofar coci. Mai karatu ɗan kasuwa ne da ke son sanin ko yaƙi zai hana jirginsa tafiya. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, labarin nesa ba ya jawo wa mai ɗab'i fitina. Kana iya faɗin abin da ka ga dama game da Sarkin Poland, amma Gwamna da majalisar yanki su ne ke ba da kwangilar buga dokoki da takardun kuɗi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Labarin gida da ke samun shiga shi ne shigowar jirage da fitarsu, farashin kaya, gobara, tsawa da ta faɗa wa wani, da rataye masu laifi.

Duk da haka akwai wata al'ada da ta zo ta yi babban tasiri. Masu ɗab'i sukan aika wa juna jaridunsu ta gidan waya, kowa ya yanki abin da ya yi masa ya buga. Bayan Benjamin Franklin ya zama ɗaya daga shugabanni biyu na gidan wayar yankunan a 1753, an kyautata tafiyar mahaya masu kai wasiƙu, aka kuma tabbatar da wannan musaya kyauta. Ta haka mutumin Karolina ya fara sanin abin da ke damun mutumin Boston, alhali a da kowannensu ya fi sanin Landan a kan maƙwabcinsa.

Dutse na Biyu: Ra'ayi

Wata jarida da ta fito ba tare da neman yardar kowa ba ita ce New-England Courant ta James Franklin, a watan Agusta 1721. Ta zo daidai lokacin da annobar agana ke cin Boston. Wani babban malamin coci, Cotton Mather, ya ji daga bawansa Onesimus, mutumin Afirka, cewa a ƙasarsu akan ɗan tsaga fatar mai lafiya a sa masa ruwan ƙurjin mai agana, ya yi ɗan ciwo kaɗan, daga nan ya tsira har abada. Likita ɗaya ne kawai, Zabdiel Boylston, ya yarda ya gwada, ya kuma fara da ɗansa na cikinsa da bayinsa biyu. Courant ta tasa su gaba da ba'a da suka, tare da wani likita William Douglass, har suna yi musu gorin ɗaukar maganar bayi. Gari ya ɗauki zafi har wani ya jefa gurneti cikin gidan Mather, Allah Ya sa bai tashi ba.

Da ƙura ta lafa aka yi lissafi. Cikin kusan mutum 6,000 da suka kamu, 844 sun mutu, wato kamar 1 cikin 7. Cikin mutum 240 da 'yan kai da Boylston ya yi wa lamba, 6 ne suka mutu. Ashe jaridar farko mai 'yancin kai, a yaƙinta na farko, ita ce a kan kuskure, bawan da ta raina shi ne mai gaskiya. Wannan abin tunawa ne ga duk mai alƙalami: ƙarfin hali daban, sanin gaskiya daban.

A wannan maɗaba'a ne ƙanen James, wato Benjamin, yake koyon aiki yana ɗan shekara 16. Ya san wansa ba zai buga rubutunsa ba, sai ya sauya hannu, ya ari sunan wata gwauruwa da ya ƙirƙira, Silence Dogood, ya riƙa tura wasiƙu ta ƙarƙashin ƙofar shago da dare. Wasiƙu 14 aka buga a 1722, tana yi wa ɗaliban Harvard da munafukan gari shaguɓe, su James suna ta yabo suna cankar wane malami ne. A cikin shekarar ne majalisa ta ɗaure James kusan wata guda saboda ya yi habaicin cewa hukuma na jan ƙafa wajen bin 'yan fashin teku. Da aka hana shi buga jaridar a 1723, sai aka sa sunan Benjamin a kanta, kafin rigima ta raba su, ƙanen ya tsere Filadelfiya.

Sunan aro shi ne rigar marubutan wannan zamani. Da wuya ka ga mutum ya sa sunansa na yanka a ƙarƙashin ra'ayinsa. Wasu su ari sunayen mazan jiya na Rum, wasu su kira kansu manomi ko ɗan kasuwa ko tsohuwa. Amfaninsa biyu ne: yana kāre marubuci daga kurkuku, yana kuma tilasta wa mai karatu ya auna maganar ba tare da duban mai ita ba. Illarsa kuwa, wanda sunansa ke jikin jarida, wato mai ɗab'i, shi ke shan dukan.

Haka ta faru da John Peter Zenger, Bajamushe mai ɗab'i a Niyu Yok. Gwamna William Cosby ya tsige babban alƙali Lewis Morris, sai Morris da lauya James Alexander da jama'arsu suka kafa New-York Weekly Journal a Nuwamba 1733, su ke rubutu a ɓoye, Zenger ke bugawa. Har tallan ƙarya suka riƙa sakawa, ana cigiyar wani kare ko biri da ya ɓace, da siffofin da kowa ya san na mutanen Gwamna ne. Aka ƙona wasu fitowar a bainar jama'a, aka kama Zenger a Nuwamba 1734, ya yi sama da wata 8 a tsare, bai tona asirin kowa ba, matarsa Anna tana riƙe da jaridar. A dokar Ingila ta lokacin, sukar hukuma laifi ne ko da abin da aka faɗa gaskiya ne. A shari'ar da aka yi a Agusta 1735, tsohon lauya Andrew Hamilton na Filadelfiya ya amsa cewa lalle Zenger ne ya buga, amma ya roƙi mutum 12 'yan gari masu yanke hukunci da su duba ko ƙarya aka yi. Suka ce ba shi da laifi. Dokar ba ta sauya ba, majalisun yankuna ma sun ci gaba da kiran masu ɗab'i suna tsawata musu, amma gwamnoni sun koyi cewa kai mai jarida gaban 'yan gari ba riba.

Kada mu ɗauka duk masu ɗab'i jarumai ne irin wannan. Yawancinsu sun fi son zaman lafiya da kowa, domin a ƙaramin gari ba ka iya korar rabin masu sayen kayanka. Benjamin Franklin, wanda ya sayi Pennsylvania Gazette a 1729, ya bayyana wannan a fili a 1731. An kawo masa tallan wani jirgi mai zuwa Barbados, a ƙasansa an rubuta cewa ba a ɗaukar masu baƙar riga, wato malaman coci. Ya buga, gari ya yi ca. Sai ya rubuta doguwar kariya, inda ya ce aikin mai ɗab'i shi ne ya ba kowane ɓangare dama, domin in aka bar gaskiya da ƙarya suka kara a fili, gaskiya ce za ta yi kaye. Amma cikin dalilan da ya jera, bai ɓoye cewa ya sami sule 5 a aikin ba. Aƙida da aljihu a jere suke tafiya. Shi ne kuma ya buga zanen nan na maciji da aka daddatsa gida 8 a ranar 9 ga Mayu 1754, yana kiran yankunan su haɗa kai a gaban Faransa ko su hallaka.

Dutse na Uku: Talla

Tun fitowar farko Campbell ya sanar cewa mai gida ko gona ko jirgi na sayarwa, ko wanda baransa ya gudu, ko aka yi masa sata, yana iya sakawa a kan sule 1 zuwa sule 5. A fitowa ta 3 aka fara samu: cigiyar maƙera biyu da suka ɓace, da tallan wata gona da injin gyaran ulu a Long Island. Sannu a hankali talla ta ci shafin ƙarshe, ta shiga na uku, har a shekarun 1760 wasu jaridu rabinsu talla ce, wani lokaci da ƙarin falle. Dalili kuwa a fili yake. Masu karɓar jarida ba su biya a kan kari. Masu ɗab'i sun gaji da roƙon bashin shekara da shekaru, har suna cewa a kawo itace ko hatsi ko man shanu in babu kuɗi. Mai talla kuwa hannu da hannu ne.

A nan ne rayuwar gari take, wadda shafin labari ya ƙi kawowa. Ga yadi da shayi da sukari da suka sauka daga jirgi kaza. Ga malamin makaranta yana neman ɗalibai. Ga maƙerin azurfa Paul Revere yana tallan haƙoran roba na zamaninsa a Boston Gazette a 1768. Ga matar Franklin, Deborah, a 1737 tana cigiyar littafin addu'arta da aka ɗauke a coci, ana shawartar wanda ya ɗauka ya buɗe ya karanta dokar da ta hana sata. Ga miji yana shelar matarsa ta yi yaji, kada kowa ya ba ta bashi da sunansa, wani lokaci kuma ga matar ta biya nata kuɗin ta mayar da martani, ta faɗi abin da ya kore ta. Mace da ba ta da wuri a shafin ra'ayi ta samu a shafin talla.

To amma cikin waɗannan layuka, tsakanin doki da ganga, akwai mutane. Tun shekarar farko Boston News-Letter ta fara tallan bayi, kuma aka ci gaba da haka daga arewa har kudu. Sau da yawa tallan kan ƙare da cewa mai so ya tuntuɓi mai ɗab'i, ma'ana mai jarida ya zama dillali. Franklin ya buga irin waɗannan da yawa, shi kansa ya mallaki bayi, sai a tsufansa, a 1787, ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da bauta ta Fensilfaniya. Akwai kuma cigiyar barori Turawa, waɗanda suka sayar da aikin wasu shekaru don a biya musu kuɗin jirgi, su ma suna gudu.

A watan Agusta 1761 George Washington ya saka cigiya a Maryland Gazette yana neman bayinsa 4: Peros, Jack, Neptune da Cupid. Ya ce Jack yana da tsage a kumatu biyu irin na ƙasarsu, Neptune an feƙe masa haƙora kuma yana da zane a jiki daga kafaɗu zuwa ƙugu, biyu daga cikinsu kuma daga jirgin Afirka aka saye su a 1759, ba su iya Ingilishi sosai ba. Mai karatu da ya tashi inda tsage ke faɗin asalin mutum ya san abin da ke nan: alamar da iyaye suka yi don kada ɗansu ya ɓata, ita ce ta zama abin da za a kama shi da ita. A 1769 Thomas Jefferson ya yi cigiyar bawansa Sandy, baduku mai ɗinkin takalma, a Virginia Gazette. Waɗannan biyu su ne daga baya ɗaya ya jagoranci yaƙin 'yanci, ɗaya ya rubuta takardar shelarsa.

Ko 'yar uwarmu a alƙalami, Phillis Wheatley, ta wannan ƙofa ta shigo. An kawo ta Boston daga Afirka ta Yamma a 1761 tana yarinya ƙarama, aka sayar da ita, aka sa mata sunan jirgin da ya ɗauko ta. Waƙarta ta farko a jarida ta fito, Newport Mercury, a Disamba 1767. A 1772 aka yi tallan neman masu saye don a buga mata littafi a Boston, ba a samu isassu ba, sai a Landan aka buga shi a 1773.

Ranar da Aka Taɓa Tukunya

A 1765 majalisar Ingila, tana neman kuɗin biyan bashin yaƙi, ta kafa Dokar Kan Sarki. Kowace takardar kotu da ta ciniki sai an buga mata hatimin haraji. Jarida za ta biya sisin kwabo ko kwabo a kan kowane kwafi gwargwadon girmanta, kowace talla kuma sule 2. Idan muka tuna cewa 'yan suloli ne kuɗin tallar gaba ɗaya, za mu ga an sa hannu cikin tukunya ke nan. Masu ɗab'in da suka shekara 60 suna kaffa-kaffa suka tashi kusan baki ɗaya. Ranar 31 ga Oktoba, jajibirin fara aiki da dokar, William Bradford ya fito da Pennsylvania Journal da baƙin layi kewaye kamar dutsen kabari, da ƙoƙon kai da ƙasusuwa, yana shelar mutuwarta. Wasu suka dakata, wasu suka fito babu suna babu hatimi. A Maris 1766 aka soke dokar. David Ramsay, wanda ya ga zamanin ya kuma rubuta tarihinsa a 1789, ya ce sa'a ce ga 'yancin Amurka da harajin ya faɗa kan jaridu.

Daga nan ra'ayi ya rinjayi labari. Wasiƙu 12 na lauya John Dickinson, da ya rubuta da sunan wani manomi a 1767 zuwa 1768, kusan duk jaridun suka kwafa. Samuel Adams ya riƙa cika Boston Gazette da sunayen aro iri iri. Tsohuwar al'adar nan ta ba kowa dama ta mutu, kuma ba Gwamna ne ya kashe ta ba. John Mein na Boston Chronicle ya buga takardun kwastan a 1769 don ya nuna wasu masu kiran a ƙaurace wa kayan Ingila suna shigo da su, taron jama'a suka far masa, ya tsere Ingila. A Nuwamba 1775 mahaya suka shiga Niyu Yok suka farfasa maɗaba'ar James Rivington mai goyon bayan Sarki, suka kwashe baƙaƙensa. Boston News-Letter, uwar jaridun, wadda Margaret Draper ke riƙe da ita a ɓangaren Sarki, ta mutu a 1776 da sojan Ingila suka bar garin. Ranar 6 ga Yuli 1776 Pennsylvania Evening Post ta zama jarida ta farko da ta buga takardar shelar 'yanci, mai cewa an halicci mutane daidai. Jaridun da suka kwafe ta a makonnin da suka biyo baya ba su daina cigiyar bayi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kammalawa

Abin da muka gani shi ne, labarin waɗannan jaridu tsoho ne kuma na nesa, ra'ayinsu yana sanye da rigar aro, tallarsu ce kaɗai ba ta da dalilin yin ƙarya game da yadda ake zaune. Mai cigiya dole ya faɗi gaskiyar kamannin wanda yake nema, in ba haka ba kuɗinsa ya tafi a banza. Shi ya sa a zamaninmu jami'o'in Amurka, ciki har da Cornell, suka tattara dubban irin waɗannan cigiyoyi, domin a nan ne kawai aka rubuta tsawo da tabo da sana'a da harshen mutanen da ba wanda ya damu ya rubuta tarihinsu.

Ga mai koyon rubutu, akwai aiki a nan. Idan tsohuwar jarida ta faɗo hannunmu, ko ta wace ƙasa ce, mu fara ta daga shafin baya, mu ga me ake sayarwa, wa ake nema, wa ya biya. Sannan mu dawo shafin gaba mu tambayi abin da aka tsallake. Idan kuma mu ne ke rubutun, mu san wanda ke sa tsaba a tukunyarmu, don mu gane inda alƙalaminmu zai so ya kauce. James Franklin yana da ƙarfin hali amma ya raina Onesimus. Edes da Gill, masu Boston Gazette a 1770, sun zana wa Attucks akwatin gawa, a jaridar da ta taɓa karɓar kuɗi don a kamo shi. Su Peros da Jack da Neptune da Cupid kuwa, sunayen da iyayengijinsu ke kiran su da su ne suka iso gare mu, tare da tsagen da ke fuskar Jack.